Randa da Kogi: Abin da Ke Sa Fayil Jinkirin Buɗuwa a Karon Farko



Akwai wani kuka da yake yawan fitowa daga bakin ma'aikata a duk inda aka haɗa kwamfutoci da yawa suna ɗibar takardu daga na'ura guda, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma ne, ko a ɗakin ajiye katin marasa lafiya na asibiti, ko a ofishin jarrabawa na makaranta. Akawu ya zo da safe, ya nemi fayil ɗin albashi, sai na'ura ta yi shiru kamar ba za ta amsa ba. Can an jima fayil ya buɗe. Ya rufe shi, ya sake buɗewa, sai ga shi nan da nan kamar ƙiftawar ido. Abokin aikinsa da ya iso bayansa bai ga wani jinkiri ba ko kaɗan, har ya zaci na farkon mita ce ta yi masa yawa. Kashegari kuma a koma gidan jiya. To, ruwa ba ya tsami banza. Wannan al'amari shi ne abin da laccar nan za ta tattauna, kuma za a ɗauki ƙasar Yawuri, watau Yawuri da Ngaski da Shanga, a yi awo da ita, gama mutanen da suke zaune a bakin tafkin Kainji sun daɗe da sanin amfanin tara abu a kusa domin gudun jiran na nesa.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita kalmomi. Na'urar da ake tara fayiloli a cikinta, sauran kwamfutoci suna roƙo daga gare ta ta waya ko ta iska, ita ake kira uwar garke. Masu sana'ar sukan ce mata saba. A cikinta akwai wuraren ajiya iri biyu. Akwai faifai, mai ɗaukar kaya da yawa, wanda ba ya mantuwa ko an kashe wuta, amma yana da nawa. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, mai saurin gaske, sai dai ƙarama ce, ga tsada, kuma da zarar wuta ta ɗauke sai ta koma fayau kamar allon da aka wanke. Dabarar da ake magana a kanta ita ce, duk abin da aka ɗauko daga faifai sai a bar kwafensa a ƙwaƙwalwar aiki, ko wani zai sake nema. Wurin da ake aje wannan kwafe shi Turawa suke kira kash, kalmar da ta fito daga Faransanci, inda take nufin maɓoya. A nan za a kira shi ma'ajiyar kusa, ko a taƙaice randa, domin aikinsu ɗaya ne. Matar gida a Shanga ko a Wara ba ta aika yaro kogi duk lokacin da wani ya ji ƙishirwa. Ana zuwa kogi sau ɗaya, a cika randa, sa'an nan kowa ya sa moɗa ya sha. Wanda ya farka ya tarar randa ta ƙafe, shi ne zai jira mai zuwa kogi ya je ya komo.

Tunanin ba na jiya ba ne. A 1965 wani malamin Jami'ar Kambirij ta Ingila, Maurice Wilkes, ya rubuta gajeriyar takarda yana ba da shawarar a sa ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri ta riƙa yi wa babba mai nawa hidima. A 1968 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa System/360 Model 85 ɗauke da irin wannan ma'ajiya, kuma daga nan sunan kash ya bi ta. A wannan shekara dai Peter Denning ya bayyana dalilin da ya sa dabarar take ci: mai aiki ba ya taɓa dukan abin da aka ajiye daidai wa daida; 'yan abubuwa kaɗan yake ta komawa kansu cikin wani lokaci. Ofishin kuɗi na iya mallakar fayil dubu goma, amma a makon biyan albashi ashirin ko talatin ne suke shan hannu.

Wani abin sha'awa, a wannan shekara ta 1968 ce aka gama dam ɗin Kainji, wanda aka fara ginawa a 1964, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, kansa na arewa yana taɓa Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da yawa suka bi ta, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Dalilin gina tafkin kuwa yana da dangantaka ta kusa da zancen nan. Kogin Kwara yana yin cika biyu a shekara a wannan yanki. Cikar fari ita ce ta farin ruwa, mai laka, wadda ruwan saman ƙasashen kusa yake kawowa ta Gulbin Sakkwato da sauran rassa wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce ta baƙin ruwa, wanda ya zuba a duwatsun ƙasar Gini tun da damina, ya bi ta Mali, ya malale a cikin manyan fadamun da ke tsakanin Mopti da Tumbutu, ya zubar da lakarsa a can, bai iso Yawuri ba sai wajen Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya kankama. Watau ruwa guda ya yi watanni a hanya. Injin da ke ba da lantarki ba zai iya jiran irin wannan tafiya ba, yana son ruwa a bakinsa dare da rana. Saboda haka aka tare kogin aka yi masa randa mai cin ruwa kimanin mita biliyan 15 na awon cikin akwati. Farin ruwa misalin abin da aka ɗebo daga kusa ne, baƙin ruwa misalin na nesa, tafki kuwa shi ne ya ɓoye wa injin bambancin da ke tsakaninsu. Amma a ranar da aka rufe ƙofofin dam ɗin da farko, sai da aka yi jiran tafkin ya cika, kuma ba wata hikimar injiniya da za ta iya kawar da wannan jira na farko.

Yanzu sai a koma ga lissafi, domin ba a gane girman al'amarin sai an auna. Faifan da aka fi sa wa uwar garke mai arha yana juyawa sau 7,200 a minti, watau sau 120 a sakan. Kafin a karanta wani abu a kansa, dole allurarsa ta tashi ta tafi layin da abin yake, kamar allurar garmaho, sa'an nan ta jira wurin ya zagayo ƙarƙashinta. Duka biyun sukan ci wajen milisakan 10, watau kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. A kunne wannan ba kome ba ne. Amma ƙwaƙwalwar aiki tana ba da amsa cikin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan goma na sakan, watau ta fi faifai sauri wajen sau 100,000. Idan aka ƙaddara sa moɗa a randa yana cin sakan ɗaya, to zuwa faifai daidai yake da tafiyar sa'a 27 da 'yan kai, kwana da yini har da ƙari. Faifan zamani mara juyawa, wanda ake kira SSD, ya rage wannan tazara ƙwarai, amma bai shafe ta ba.

Faifai kuma rabin labarin ne. Sauran rabin yana kan hanya, kuma nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. Mutane sukan ɗauka kwamfuta tana cewa uwar garke "ba ni fayil kaza" sau ɗaya, a miƙo mata. Ba haka ba ne. A karon farko sai ta tambayi inda uwar garken take, ta gabatar da kanta a tabbatar ita ce, ta nemi a buɗe mata babbar jakar ajiya, ta nemi ta cikinta, ta tambayi girman fayil da ranar da aka taɓa shi da wanda yake da iznin karantawa, kana a fara aiko da abin da ke ciki, shi ma da kaɗan kaɗan tukuna. Wannan farawa a hankali da gangan aka yi ta: Van Jacobson ne ya shigar da ita cikin ƙa'idojin intanet a 1988, bayan cunkoson da ya durƙusar da hanyoyin sadarwa a Amurka a 1986. Kowace tambaya sai ta je ta komo kafin a yi ta gaba, kamar mai ciniki ta bakin dillali. Tsare-tsaren da ake raba fayil da su, irin NFS na kamfanin Sun Microsystems wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, da SMB wanda aka fara a IBM a 1983 kafin Microsoft ya ɗauke shi, an gina su ne domin kwamfutocin da ke cikin gini ɗaya, inda zuwa da komowa ba ya kai milisakan ɗaya. A can yawan tambaya ba ya damun kowa.

A ƙaddara akawu a Yelwa ya buɗe jakar da ke da fayil 2,000, kuma kwamfutarsa tana tambayar bayanin kowane ɗaya daban. In uwar garken tana ɗakin da ke kusa, sakan biyu sun isa. In kuwa an kai ajiyar wata ƙasa a Turai, lissafi ya sake. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan cikin igiyar gilashi, igiyar MainOne kuwa, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Ikko zuwa Fotugal wajen kilomita 7,000 ne. Zuwa da komowa a teku kaɗai milisakan 70 ke nan, ban da tafiyar tudu daga Yelwa zuwa Ikko. Tambaya 2,000 sun zama minti biyu da sakan 20. In ta tauraron ɗan'adam irin na da ake bi, wanda yake tsaye a nisan kilomita 35,786 bisa, kowace tambaya da amsarta za su hau su sauka sau huɗu, su ci kusan rabin sakan, jakar kuwa ba za ta buɗe ba sai bayan minti 16. Bisa awon moɗa da randa na ɗazu, rabin sakan ɗin nan kusan wata biyu ne, watau ya fara kama da tafiyar baƙin ruwa. Sababbin tsare-tsare sun rage yawan tambayoyin, gama NFS na uku a 1995 da SMB na biyu a 2006 sun koyi ɗaure tambayoyi da yawa a ƙunshi ɗaya, taurarin Starlink da suka fara aiki a Nijeriya a 2023 kuma nisansu bai wuce wajen kilomita 550 ba. Duk da haka saurin haske ba ya ƙaruwa don an ƙara kuɗin layi. Faɗaɗa hanya yana ƙara yawan kayan da za su wuce a lokaci guda, ba ya rage nisanta, kuma hukumomi da dama sun biya kuɗin faɗi alhali ciwonsu na nisa ne.

Daga nan za a ga cewa laifin da ake ɗora wa ma'ajiyar kusa yawancinsa ba nata ba ne. Jinkirin karon farko shi ne ainihin farashin tafiyar. Saurin karo na biyu shi ne rangwamen da randa ta samar. Amma adalci ya sa a faɗa cewa akwai wuraren da ita kanta take jawo jira. Tsarin AFS, wanda aka gina a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a shekarun 1980 domin hidimar dubban kwamfutocin ɗalibai, a farkonsa yakan kwaso fayil ɗungurungum ya aje a faifan mai nema kafin ya bar shi ya karanta ko layi ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa wa uwar garke nauyi matuƙa, amma mai son duba shafi guda na babban fayil sai ya jira dukansa. Wuri na biyu ya fi wannan damun ofisoshi a yau. A tsarin SMB, idan mutum ɗaya ne ya buɗe fayil, uwar garke takan ba kwamfutarsa izni ta riƙe canje-canjenta a wajenta. Da wani ya nemi fayil ɗin, sai uwar garke ta aika wa na farko ta ce ya maido abin da ke hannunsa. In kwamfutar tasa ta mutu, ko an zare wayarta, uwar garke ba ta sani ba, sai ta tsaya jira har wa'adi ya cika, wanda a Windows ya kai sakan 35. Na biyun yana zaune yana zagin layi, alhali kuwa jiran wanda ba ya nan ake yi. Akwai kuma faifan da aka sa ya riƙa barci domin tsimin wuta. Muddin randa tana biyan bukata ba a tashe shi, ranar da aka nemi abin da babu a cikinta sai a ba shi 'yan sakanni ya tashi ya kai ga saurin juyawarsa.

Sauran tambaya ita ce, me ya sa abin yake maimaituwa kowace safiya a ofisoshin wannan ƙasa, alhali a wasu wurare uwar garke takan yi watanni randarta cike? Amsar tana wajen wuta. Tun da ƙwaƙwalwar aiki ba ta riƙe kome in babu lantarki, duk ɗaukewar wuta fasa randa ce, duk kashe janareta da yamma zubar da ruwa ne. Abin takaici ne a ce ƙasar da ta ba da gonakinta da tsibiranta aka yi tafkin da ke juya injinan Kainji, waɗanda aka kafa da ƙarfin megawat 760, har ma aka ja layi ta Birnin Kebbi aka kai wa Yamai wuta tun shekarun 1970, ita ma tana cikin masu kwana da duhu. Amma wannan zance ne na wata rana. Abin da ya shafi wannan lacca shi ne, ofishin da ya sayi sabuwar uwar garke mai tsada domin maganin jinkirin safe, bai saya mata batir ko faranti mai hasken rana da zai hana ta mutuwa ba, ya sayi babbar randa ne wadda za a ci gaba da kifewa kowace yamma.

Jinkiri dai ɓacin lokaci ne kawai. Haɗarin da ya fi shi yana ɗaya gefen, watau ruwan da ya kwana. Kwafen da aka aje a kusa yana iya zama tsoho bayan wani ya gyara na asali. Kwamfutar da ke aiki da NFS a kan Linux takan yarda da bayanin fayil da ta riƙe na tsawon sakan 3 zuwa 60 ba tare da ta sake tambaya ba. Ta Windows takan riƙe jerin abin da ke cikin jaka na sakan 10, ta kuma tuna na sakan 5 cewa ta nemi wani fayil ba ta same shi ba. Shi ya sa ma'aikaci zai ce ya aje takarda, na kusa da shi ya rantse babu ita, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. Masu tsara waɗannan na'urori sun zaɓi 'yan sakannin nan ne a matsayin sulhu tsakanin sauri da gaskiya. Wanda ya tsawaita su domin ya kashe jinkiri, to ya sani a ɗakin magani ko ofishin kuɗi yana iya sa mutum biyu su yi aiki da adadi biyu daban. Mafi muni kuma, rubutu ma yana bi ta randa. Sa'ad da na'ura ta ce ta aje, sau da yawa a ƙwaƙwalwar aiki ta aje, za ta sauke shi a faifai daga baya. A Linux abin yakan iya jiran wajen sakan 30. In wuta ta ɗauke a wannan tsakani, aikin ya tafi, ko kuma fayil ya fito rabi sabo rabi tsoho, wanda ya fi ɓacewa illa domin ba a lura da shi da wuri.

Wannan dabara ta kawo abu kusa ta wuce bangon ofis. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Nijeriya suka shiga wahala na kwanaki. Abin da yake ajiye a cikin ƙasa, yana kuma bi ta mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN, wadda aka kafa a Ikko a 2006, bai dogara da teku ba. Tun kafin wannan, wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen, wanda ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda malamai da ɗalibai suke shan wuya da siririn layi mai tsada. Da ya koma Jami'ar Iowa, shirinsu na WiderNet ya fito da eGranary a farkon shekarun 2000: faifai ne da ake cikawa da littattafai da mujallu da shafukan ilmi da iznin masu su, a ɗora shi a uwar garken makaranta, kowa ya ɗiba ba tare da intanet ba. Sunan kansa ma'anarsa rumbu, kuma ya dace, domin an cika shi ne tun kafin yunwa. Hukumar JAMB, wadda ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ita ma a kan wannan tunani take tafiya: kowace cibiya tana da uwar garkenta a cikin gida, domin ba zai yiwu ɗalibai 250 su zauna kowa yana jiran tambayarsa ta taso daga Abuja ba.

Ga shugaban ofis a Shanga ko Wara ko Yelwa da yake son ya san ciwon na'urarsa kafin ya sa hannu a takardar saye, gwajin ba ya bukatar kome sai agogo. A buɗe fayil da safe a auna, a rufe a sake buɗewa a auna, sa'an nan a je wata kwamfutar da ba ta taɓa shi ba a buɗe a auna. In ta biyun ta samu sauri ita ma, to randar uwar garke ce ta kasance ƙafe, maganin kuwa wutar da ba ta yankewa, da ƙarin ƙwaƙwalwar aiki, da faifai mara juyawa, da hana faifai barci. In kuwa ta biyun ta sha jinkiri daidai da ta farko, to tafiyar ce take da tsawo, sai a duba inda aka kai ajiyar, a rage cunkuson fayiloli a jaka ɗaya, ko a dawo da kwafe cikin gini. Inda ba halin barin na'ura a kunne, ana iya rubuta mata ɗan umarni, da an tashe ta ta karanta fayilolin da aka fi nema da kanta. Ma'aikacin da ke kunna janareta da ƙarfe bakwai da rabi shi ne zai tashe ta, kafin akawu ya iso ƙarfe takwas ta riga ta je kogi ta komo.